Daga ina katun ɗin Japan ya fito, kuma me ya sa ya kama yara haka?

Wani magidanci ne ya aiko da tambayar. Ya ce yaransa sun kamu da kallon katun ɗin Japan a waya, wanda suke kira anime, har babbansu ya cika bayan littattafan makaranta da zanen mutane masu dara-daran idanu. Yana son ya san asalin abin, da dalilin da ya sa ya game duniya, da kuma ko ya dace ya ƙyale su su ci gaba da kallo.

Malam, abu biyu ne a nan, kuma gara a raba su tun farko. Akwai manga, wato labarin da aka zana a takarda gida-gida, maganar mutanen cikinsa a rubuce kusa da bakinsu. Akwai kuma anime, zane mai motsi na talabijin da silima. Manga ce uwa. Yawancin manyan shirye-shiryen da yaranka ke kallo, irin su Naruto da One Piece da Dragon Ball, sun daɗe suna fitowa a takarda kafin wani kamfani ya motsa su. Ra'ayina kuwa, bayan daɗewa ina bibiyar tarihin wannan sana'a, shi ne talauci ne ya haife ta, mujallar mako-mako ta raine ta. Wanda ya gane wannan ya gane ƙarfinta, ya kuma gane ciwon da ke cikinta.

Za ka ji ana cewa asalin manga ya kai shekara ɗari takwas. Masu faɗin haka suna nuni ne da wasu naɗaɗɗun takardu na ƙarni na 12 da na 13 mallakar wurin ibadar Kozanji da ke birnin Kyoto, inda aka zana kwaɗi da zomaye da birai suna kokawa da wanka kamar mutane. Suna kuma kawo littattafan zane na Hokusai da suka fara fitowa a 1814. Ayyuka ne masu kyau, kuma sun nuna cewa mutanen ƙasar sun daɗe da son zane mai ban dariya, amma babu wata igiya da ta taho miƙe daga can zuwa Naruto. Salon raba shafi gida-gida daga jaridun Turai da Amurka ya shigo. Wani Baturen Ingila, Charles Wirgman, ya kafa mujallar zanen barkwanci a Yokohama a 1862, daga baya Kitazawa Rakuten ya buɗe tasa mai suna Tokyo Puck a 1905. Gajerun finafinan zane na farko kuma an yi su a 1917. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta mayar da zanen makamin farfaganda, har rundunar sojan ruwa ta ba da kuɗin yin dogon fim na zane da ya fito a 1945, wanda dabbobi ke sanye da kakin soja a cikinsa.

Inda labarin ya fara daɗi shi ne a kan titi. Tun wajen 1930 akwai wata sana'a da ake kira kamishibai. Mutum ne zai shigo unguwa a kan keke, da akwatin katako ɗaure a baya. Zai buga 'yan sanduna biyu, yara su sheƙo a guje. Da farko zai sayar musu da alewa, domin ita ce cinikinsa, wanda ya saya ya tsaya a gaba, wanda bai da ko sisi ya leƙa daga baya. Sannan ya buɗe akwatin, ya riƙa zare kwalaye masu zane ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari, yana sauya murya daga ta jarumi zuwa ta mugu. Daidai lokacin da takobi ke kan wuyan jarumin sai ya rufe akwati, ya ce sai gobe. Dole gobe yaran su dawo, dole su sake sayen alewa. Wannan dabarar ta yanke labari a inda rai ya fi so ita ce har yau ke hana ɗanka ajiye waya idan kashi ɗaya ya ƙare. Bayan yaƙi, mazaje da yawa da suka rasa aikin yi sun ci abinci da wannan sana'a, sai talabijin da ta fara aiki a 1953 ta karya ta. Masu zana kwalayen, irin su Mizuki Shigeru da Shirato Sanpei, suka koma zana littattafai, suka tafi da dabarar tare da su.

A 1945 Japan ta zama kango. An ƙone manyan biranenta, abinci ya yi wuya, takarda ma ta yi wuya. A Osaka ƙananan 'yan kasuwa suka shiga buga littattafan yara a kan mummunar takarda, da jan bango mai ɗaukar ido, ana sayarwa a rumfunan alewa da bakin hanya. A wannan kasuwar ce wani ɗalibin likitanci, Tezuka Osamu, haifaffen 1928, ya fitar da Shin Takarajima a 1947 tare da wani mai zane da ya girme shi, Sakai Shichima. Waɗanda suka karanta shi suna yara sun sha faɗin yadda shafukan farko suka ruɗa su. Yaro ne ke tuƙa mota a guje zuwa tashar jiragen ruwa, kusan babu magana, sai motar da ake ta nunawa daga gida zuwa gida tana sauya wuri da girma, har mai karatu ya ji kamar gudun yake gani. Kafin nan yawancin masu zane kan tsayar da ido wuri guda, kamar ɗan kallo a gaban dandamali. Tezuka ya taso yana kallon finafinai, na kamfanin Disney na Amurka da na Turai, sai ya mayar da alƙalaminsa kyamara: ya matso kusa da fuska, ya ja baya, ya leƙo daga sama, ya kashe shafi guda a kan motsin daƙiƙa biyu. Manyan idanun nan da ɗanka ke zanawa suna da alaƙa da katun ɗin Amurka na wancan zamani da Tezuka ya so, kuma suna da aiki: a cikin ido ake nuna tsoro da kunya da ɓacin rai ba tare da an rubuta kalma ba.

Tezuka ya ga ruwan bama-bamai a Osaka da idonsa, kuma abin bai taɓa barin aikinsa ba. Ya yarda cewa za a iya ba yaro labarin mutuwa da rashin adalci, a bar jarumi ya sha kaye. Ya samu shaidar likita amma zane ya riƙe, kuma kafin mutuwarsa a 1989 ya zana shafuka kimanin 150,000.

A gefe guda kuma akwai shagunan hayar littattafai, domin mutane da yawa ba su da kuɗin saye. Wanda ya san yadda littattafan soyayya suka yi tashe a Kano, ana karɓar haya a karanta a mayar, ya san irin wannan kasuwa: mai shago ya san abin da ake nema, marubuci kuma yana jin amsar masu karatu nan take. Masu hayar a Japan da yawansu samari ne da suka baro ƙauye suna aiki a masana'antu, ba su da sha'awar labarin yara. Don su aka fara zana labaran kisan kai da bashi da yunwa da zaluncin masu mulki, da zane mai duhu. Tatsumi Yoshihiro ya raɗa wa wannan salo suna gekiga a 1957. Daga nan ne manga ta daina zama kayan yara kaɗai, kuma wannan ne babban abin da ya raba ta da ta Amurka. Can a 1954 kamfanonin buga katun sun ƙaƙaba wa kansu doka mai tsauri da ta taƙaita abin da za a zana. A Japan ma iyaye da malamai sun yi bore a 1955, har da ƙona littattafai a filayen makarantu, amma ba a kai ga irin waccan doka ba. Masu karatu suka girma, labaran suka girma tare da su.

A watan Maris na 1959 manyan kamfanoni biyu suka fito da mujallun yara maza na mako-mako, Shonen Magazine na Kodansha da Shonen Sunday na Shogakukan. A 1968 kamfanin Shueisha ya biyo da Shonen Jump. Yana da kyau ka san kamannin irin wannan mujalla, domin ita ce injin da ke tuƙa komai. Kaurinta ya kai shafi ɗari huɗu zuwa biyar, takardarta mai araha ce wadda tawada ke ɓata yatsa, farashinta kuma bai fi ƙarfin kuɗin kashewar ɗan makaranta ba. A ciki akwai labarai kusan ashirin, kowanne shafi wajen ashirin a mako. An liƙa wani ɗan kati a ciki, mai karatu ya zaɓi labarai uku da suka fi burge shi ya aika ta gidan waya. Editoci su tattara. Labarin da ya daɗe a ƙasan jeri sai a yanke shi cikin 'yan watanni, ko da mai shi sananne ne. Wanda ya yi sama a bar shi ya yi shekara goma ko ashirin, a tara babukansa a buga littafi-littafi, daga nan kamfanin talabijin ya zo nema. A farkon 1995 Jump ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa ɗaya.

Ka duba abin da wannan ke nufi. Galibi labarin da ya iso wayar ɗanka ya riga ya tsallake jarrabawar miliyoyin yara, mako bayan mako, shekara da shekaru. An gwada shi, an gyara, an cire abin da ke sa hamma. Taken Jump abu uku ne, abota da ƙoƙari da nasara, shi ya sa za ka ga jarumin kusan kullum maraya ne ko wanda aka raina, yana horo yana faɗuwa yana tashi, abokin gabarsa na jiya ya zama amininsa na yau. Yaron Kano ko Zinder bai buƙatar sanin komai game da Japan kafin ya ga kansa a cikin irin wannan labari. Wani abu kuma da nake ganin ana raina muhimmancinsa: a Japan galibi mai zanen ne mai labarinsa, shi ya fara, shi zai ƙare. Oda Eiichiro ya fara One Piece a 1997, kuma an buga sama da kwafi miliyan 500 nasa, duk daga tunanin mutum ɗaya da 'yan mataimakansa.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Hasegawa Machiko ta fara Sazae-san a jarida a 1946, labarin wata matar aure da iyalinta, kuma shirinsa na talabijin yana tafiya tun 1969. A shekarun 1970 wasu mata masu zane, Hagio Moto da Takemiya Keiko da Ikeda Riyoko, suka karɓe mujallun 'yan mata daga hannun maza, suka wargaza tsarin gida-gida don su nuna abin da ke cikin zuciya. Yau akwai manga ta girki, ta likitanci, ta ma'aikacin ofis, ta kamun kifi, ta tarihi. Nakazawa Keiji, wanda yana ɗan shekara shida bam ɗin nukiliya ya faɗa Hiroshima ya kashe mahaifinsa da 'yan'uwansa biyu, ya zana abin da ya gani a labarin da ya fara fitowa a 1973, a cikin Jump ɗin nan ta yara.

Sai batun motsi. Kamfanin Toei ya fitar da dogon fim mai launi a 1958, yana son ya yi gogayya da Disney. Amma abin da ya sauya komai ya faru ne ranar 1 ga Janairun 1963, lokacin da kamfanin Tezuka, Mushi Production, ya fara nuna Tetsuwan Atomu, wanda duniya ta sani da Astro Boy, a tashar Fuji, rabin awa kowane mako. Masana sana'ar sun ce ba zai yiwu ba. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, Disney kan zana 12 zuwa 24, kuma hakan na cin ɗaruruwan ma'aikata da watanni. Tezuka ya rage zuwa 8 ko ƙasa. Idan mutum na magana sai a tsayar da fuska, baki kaɗai ke motsi. Idan ana son gudu sai a ja hoton baya a bar jarumi a tsaye. Hoton tashin Atomu, jarumin shirin, sama a zana sau ɗaya, a adana, a sake amfani da shi kowane mako. Ya sayar wa tashar da shirin ƙasa da abin da ya kashe, yana sa ran cike giɓin daga kayan wasa da tallace-tallace da sayarwa ƙasashen waje. Kamfanin alewa na Meiji, wanda ya ɗauki nauyin shirin, ya sa sitikar Atomu a cikin cakulan ɗinsa, yara suka yi masa rubdugu. Shirin ya kai kashi 193, kuma a shekarar da ya fara aka sayar da shi Amurka.

Rashin kuɗin nan shi ya zama salo. Tunda ba za a iya motsa komai ba, sai aka koyi zaɓen inda za a motsa: a yi tsimi minti ashirin, a zuba duk ƙarfi a faɗan minti biyu. Aka koyi amfani da shiru, da hoto ɗaya mai kyau da za a tsaya a kansa, da kiɗa, da muryar 'yan wasa. Nauyin ya koma kan labari. Abin da aka fara don dole, yau masu shirya finafinai a ƙasashen da ke da kuɗi suna kwaikwayonsa da gangan.

Araha ce kuma ta fitar da shi waje. Tashoshin Turai da na Larabawa a shekarun 1970 suna neman abin cike lokacin yara, na Japan kuwa ga yawa ga sauƙin kuɗi. Grendizer, labarin wani ƙaton mutum-mutumi na Nagai Go, ya shiga Faransa a 1978 da sunan Goldorak ya tayar da ƙura, an kuma fassara shi da Larabci a Labanan. Captain Tsubasa na Takahashi Yoichi, labarin ƙwallon ƙafa da ya fara a 1981, ya zama Kyaftin Majid a ƙasashen Larabawa, kuma yara da yawa sun girma suna zaton Majid Balarabe ne. Har lokacin da Japan ta ba da tankokin ruwa a Samawa ta Iraƙi bayan 2004, hotonsa aka manna a jikinsu. 'Yan ƙwallo irin su Fernando Torres sun faɗa da bakinsu cewa shirin na cikin abin da ya ja su ga wasan. A Najeriya waɗanda suka taso a ƙarshen shekarun 1980 sun san Voltron, wanda asalinsa shirin Japan ne na 1981 da Amurkawa suka yanka suka sauya wa suna. Ba kowa ya yi maraba ba. 'Yar siyasar Faransa Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana sukar tashin hankalin da ke ciki, Saudiyya kuma ta haramta kayan wasan Pokémon a 2001. Duk da haka Faransa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan.

Daraja a idon manya ta zo daga baya. Akira na Otomo Katsuhiro a 1988 da Ghost in the Shell na Oshii Mamoru a 1995 sun girgiza masu shirya fim a Amurka, kuma waɗanda suka yi fim ɗin The Matrix ba su ɓoye bashin da ke kansu ba. Kamfanin Ghibli da Miyazaki Hayao da Takahata Isao suka kafa a 1985 ya bi wata hanya dabam, ta zane mai cikakken motsi da haƙuri, har Spirited Away ya ci kyautar Oscar a 2003. Fim ɗin Demon Slayer da ya fito a 2020 ya tara sama da biliyan 40 na yen, kuɗin ƙasar, a Japan kaɗai. Ƙungiyar kamfanonin anime ta ƙasar ta ƙiyasta kasuwar a kan yen tiriliyan 3.3 a 2023, fiye da rabi daga waje.

Nan ne abin ke yi mini ciwo. Kuɗin nan ba ya isa hannun da ke riƙe da fensir. Galibi gamayyar kamfanoni ce ke zuba jari, masu buga littafi da tashar talabijin da masu kayan wasa, su ne ke raba riba, ɗakin zanen kuma a biya shi kuɗin aiki kawai. Sabon mai zane da ke cike hotunan tsakani, wato waɗanda ke haɗa motsi daga babban hoto zuwa na gaba, an daɗe ana biyansa da falle, wajen yen 200 kowanne, falle ɗaya kuwa na iya cin awa guda. Da yawa suna barin sana'ar cikin 'yan shekaru, ana kuma tura aikin Koriya ta Kudu da China da Filifin. Miyazaki ya ɗora wa Tezuka laifin karya farashi tun 1963, ya kuma rubuta haka a shekarar da Tezuka ya mutu. Ina ganin ya yi tsauri, domin ba don wancan karambani ba da babu shirin mako-mako sam, amma gaskiya ce cewa waɗanda suka zo daga baya sun samu riba ba su gyara ba. Masu zana manga na mako-mako su ma sukan kwana a tebur, kuma ba ɗaya ba ba biyu ba rashin lafiya ta sa sun dakatar da labari.

Batun ko ka bar su su kalla, Malam, kuskuren da iyaye da yawa ke yi shi ne ɗaukar duk abin da aka zana a matsayin na yara. A Japan an kasa shi gida huɗu: shonen na yara maza, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata, ban da na batsa tsantsa da ke yawo a intanet da irin wannan zanen. Ko a cikin shonen ɗin, ma'auninsu ba namu ba ne. Attack on Titan a mujallar samari ya fito a 2009, alhali ƙattai ne ke cin mutane a ciki. Za ka kuma ci karo da shigar da ba ta dace ba, da aljanu da alloli na addinin Shinto da na Buddha a matsayin 'yan wasa, abin da yaro Musulmi ko Kirista ke buƙatar babba ya yi masa bayani a kai. Ka tambaye su sunan abin da suke kallo, ka zauna ka kalli kashi biyu ko uku tare da su, ka duba shekarun da aka rubuta a jikin shirin. Ka fi sa ido a kan inda suke samowa, domin mai tura finafinai a waya yakan zuba komai a wuri guda ba tare da ya tantance ba, shafukan kallo na kyauta kuma tallansu ya fi shirin kansa muni. Ga ƙanana, Doraemon da My Neighbor Totoro da Captain Tsubasa ba su da abin tayar da hankali sosai. Babban da ke zane kuwa, ka saya masa littafi marar layi da fensir nasa na kansa, ka ce ya zana maka labarin shafi huɗu da ya faru a unguwarku, da farko da tsakiya da ƙarshe, ya kawo maka ranar Juma'a.